MUN SAMU JAMI'A A KALGO, AMMA A INA 'YA'YANMU ZA SU KWANA?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yi sharhi.

Kwanan baya wani maƙwabcina a nan Kambaza ya same ni a zaure bayan sallar isha'i. Ɗiyarsa ta ci jarrabawa, sunanta ya fito a wata jami'a, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai wannan matsayi. Ya sayar da buhunan albasa ya haɗa kuɗin rajista. Da suka je, sai aka ce musu ɗakunan kwanan ɗalibai mata sun cika, sai dai ta nemi haya a cikin gari. Ya bi dillali suka zagaya gidaje uku. Na farko babu ƙofar kirki, na biyu maza da mata banɗaki ɗaya, na uku yana can bakin daji inda ko fitila ba a gani. Ya dawo da ita gida. Abin da ya ce mini shi ne: "Malam, ni ban hana ta karatu ba. Amma ɗiyata ba ta kwana gidan da ban san mai shi ba."

Na rasa abin da zan ce masa. Idan na ce ya yi kuskure, na yi ƙarya, domin ni ma uba ne. Idan na ce ya yi daidai, to yarinyar ta rasa shekara, kuma mu da muke ƙauye mun san abin da shekara ɗaya a gida take nufi ga budurwa. Kafin damina ta zagayo an kawo goro, magana ta ƙare.

Wannan ne ya sa na zauna na yi wannan rubutu. Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne: wurin kwanan ɗalibi wani ɓangare ne na karatunsa, daidai da aji da ɗakin karatu. Mun saba murna idan an ƙaddamar da babban zauren lakca ko ofishin shugaban jami'a, amma ba mu tambayar inda yaran za su sa haƙarƙarinsu idan an tashi. Kuma mu mutanen Gwandu da Kalgo da Jega da Aliero muna da damar da mutanen Zariya da Kano ba su samu ba, domin mun ga abin da ya faru da su.

Bari mu ɗan koma baya.

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da ɗalibai 426. A wancan lokaci, samun gurbin karatu yana nufin samun gado. Ɗalibi yana da ɗaki, yana cin abinci a ɗakin cin abinci na makaranta a farashi mai rahusa. Waɗanda suka yi Samaru sun san sunayen: Ribadu, Amina, Suleiman, Akenzua, Alexander, Danfodiyo. Tsarin da Turawan Ingila suka bar mana ke nan tun daga Ibadan a 1948, wato jami'a gari ce mai zaman kanta, kana karatu a ciki, kana kwana a ciki. Ɗan talaka daga Argungu yana ɗaki ɗaya da ɗan Benuwai ko ɗan Ilori, kuma wannan zaman tare shi ma ilimi ne da ba a rubuta shi a takardar shaida.

Da kuɗin fetur ya shigo, sai gwamnatin soja ta buɗe sababbin jami'o'i a 1975, ciki har da ta Sakkwato, wadda daga baya aka sa mata sunan Usmanu Danfodiyo. Ta fara darasi a 1977 da ɗalibai 93 kacal. Yawancin manyan ma'aikatan Kebbi na yau a can suka yi, domin sai a 1991 aka fitar da jiharmu daga Sakkwato. A Kano kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

To daga nan lissafi ya fara ɓaci. Ɗalibai suna ƙaruwa, kuɗi yana raguwa. A watan Afrilu 1978 gwamnatin Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin ɗalibi na yini, ɗalibai suka fito zanga-zangar neman a cire kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya. Ku lura da kyau, babbar tarzomar ɗalibai da aka fi tunawa a tarihin Najeriya ba a kan manhaja aka yi ta ba, a kan ci da kwana aka yi ta. Cikin shekarun 1980 tattalin arziki ya durƙushe, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, ciyar da ɗalibai ta zama tarihi, gina sababbin ɗakuna ya koma sai an ga dama. An daɗe ana karɓar naira 90 a matsayin kuɗin gado a jami'o'in tarayya, kuɗin da ko ƙwan fitila ba zai saya ba, sai gine-ginen suka lalace, ɗakin mutum huɗu ya koma na takwas ko goma. Wanda ya samu gado ya sayar wa wanda bai samu ba a ninkin ba ninkin.

A 2012 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda daga baya ya shugabanci hukumar zaɓe, domin ya duba halin da jami'o'in gwamnati suke ciki. Ɗaya daga cikin abubuwan da rahoton ya nuna shi ne gadajen da ake da su ba su wuce na kusan kashi 10 cikin 100 na ɗalibai ba. To sauran kashi 90 ɗin suna ina? Suna cikin gari.

Wanda ya san Samaru ya san amsar da idonsa. A cikin katanga akwai tituna da bishiyoyi da magudanun ruwa, an zana komai kafin a gina. Ka tsallaka titin Sakkwato ka shiga cikin Samaru ko Hayin Dogo, sai ka ga ɗakuna jere kamar akurkin kaji, lungu ba ya ɗaukar mota, rijiya kusa da masai, idan an yi ruwa sai ka naɗe wando. Ba mugunta ce ta sa aka yi haka ba. Buƙata ce ta zo da sauri, kowa ya yanka filinsa ya gina abin da zai kawo haya, hukuma kuma ba ta zo ba sai da aka gama. A Kano ma da Bayero ta koma sabon matsuguni a kan hanyar Gwarzo, haka Rimin Gata da Ɗanbare da Rijiyar Zaki suka cika suka batse. A Sakkwato nisa ne ya zama matsala. Matsugunin dindindin yana wajen gari ta ɓangaren Dundaye, dubban ɗalibai suna dogara da motar haya, kuma a ambaliyar 2010 da ruwa ya cinye hanyar Kwalkwalawa, sai jami'ar ta yanke daga garin gaba ɗaya.

Darasin iri ɗaya ne a ko'ina. Jami'a tana girma da tsari a cikin shinge, garin da ke ɗauke da ɗalibanta yana girma babu tsari a wajen shinge. Kuma idan gari ya riga ya ginu a karkace, gyara shi sai da rusau da kuka da shari'a.

Yanzu mu dawo gida.

A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa jami'o'in tarayya guda 9, a 2013 ya ƙara 3, wato Gusau da Gashuwa da Birnin Kebbi. Tamu ta fara aiki a Kalgo, matsuguninta na dindindin kuma yana Unguwar Jeji a kan hanyar Bunza. Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Wannan alheri ne babba, kada wani ya fahimce ni a baibai. Yaron Kambaza ko Dalijan ko Malisa da a da sai ya tafi Sakkwato ko Zariya, yau karatun ya zo kusa da ƙofar gida. Mai shayi a Kalgo ya samu ciniki, ɗan kabu-kabu ya samu fasinja, mai fili ya ga darajar filinsa ta tashi.

Amma duk wanda ya bi hanyar Kalgo a 'yan shekarun nan ya ga yadda gidajen haya suke tsirowa a gonakin da muka sani na gero da dawa. Jami'a tana da ɗakunan kwana, amma da sun isa da ba a ga ɗalibai suna haya a waje ba. Abin da nake gani shi ne Kalgo ta yau tana tsaye a inda Samaru ta tsaya shekaru 50 da suka wuce. Har yanzu akwai fili. Har yanzu ana iya fitar da titi ba tare da an rushe gidan kowa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma mu muna da wata damuwa da mutanen Samaru na wancan zamani ba su sani ba, wato tsaro. A ranar 22 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da jami'ar tarayya ta Gusau, suka kwashe ɗalibai fiye da 20, yawancinsu mata. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Oktoba, aka sace ɗalibai mata 5 na jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari. A watan Afrilu 2025 abin ya zo ƙofar gidanmu, aka shiga wani gidan hayar ɗalibai a Unguwar Jeji aka tafi da ɗalibi, aka kashe wani bawan Allah da ke kusa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ku duba da kyau, duk wuraren nan uku a wajen katangar makaranta suke.

Na san wani zai ce, ai kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri da aka kai wa hari a watan Yuni 2021 a cikin makaranta aka shiga, haka ma makarantar 'yan mata ta Maga. Gaskiya ne, katanga ba laya ba ce. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa aikin tsaro ko sintiri: wanne ya fi sauƙi, tsare ɗalibai 1,000 a wuri ɗaya mai ƙofa ɗaya da fitila, ko tsare su a gidaje 100 da suka warwatsu a bakin daji, waɗanda ko jami'ar ba ta da jerin sunayensu? Tara ɗalibai wuri ɗaya ba tare da tsaro ba haɗari ne, na yarda. Barin su a warwatse babu wanda ya san inda suke ya fi haɗari.

Sai maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, shawarar "ya riƙa zuwa daga gida" ta zama wasa. Yaron da zai tashi daga Kambaza ko Gwandu kullum ya je Kalgo ya dawo, kuɗin motarsa na wata zai iya cinye abin da ubansa yake samu. Mafi ƙarancin albashi a Kebbi naira 75,000 ne, kuma yawancin iyayen nan ba ma'aikata ba ne, manoma ne da ke jiran kaka. Bashin karatu na NELFUND yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. A ciki zai ci, ya hau mota, ya sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ya buga takardu. Mai gida kuma kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga la'adar dillali. Wanda ubansa ke da hali zai kama ɗaki mai banɗaki a ciki da sola. Ɗan talaka zai raɓa wurin aboki, ko ya kwana a masallaci ko a aji. Su biyun za su shiga jarrabawa ɗaya, a ce an yi musu adalci.

Namiji ma ke nan. Mace ba ta kwana a masallaci, ba ta raɓawa a shago. Idan babu gado, babu karatu. Muna taro muna cewa a sa 'ya'ya mata makaranta, muna kukan babu likitoci mata da za su duba matanmu a asibiti, babu malamai mata a makarantun ƙauye. To ga inda ake rasa su. Yarinya ta tsallake firamare, ta tsallake sakandare, ta tsallake JAMB, sai katifa ɗaya ta kayar da ita. Kuma babu wanda yake ƙidaya irin waɗannan, domin a takarda an ba ta gurbi, ita ce ba ta zo ba.

To mene ne abin yi? Ba zan tsaya ga zagin gwamnati ba, domin mu ma muna da namu kason.

Na farko, gwamnatin jiha. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna. Ma'aikatar filaye da hukumar raya birane su zauna da ƙaramar hukumar Kalgo da hakimai da masu gonaki, a zana unguwannin da ke kewaye da jami'a tun yanzu: ga titi, ga magudanar ruwa, ga wurin kasuwa, ga ofishin 'yan sanda, ga wurin bohol. A biya diyya ta gaskiya ga wanda titi ya ci gonarsa. Haka ma a Aliero. Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan abin da rashin barci yake yi wa ɗalibi.

Na biyu, hukumomin jami'o'in. Kada a ɗauki ɗalibai da lissafin kujerun aji kawai, a haɗa da lissafin gado. A ba sababbin ɗalibai mata fifiko a ɗakunan da ake da su, musamman 'yan shekarar farko. Sannan a buɗe rajistar gidajen haya: duk mai gidan da yake son ɗalibai ya zo a duba gidansa, akwai ruwa, akwai ƙofa, akwai banɗakin mata daban, akwai mai gadi. Wanda ya cika sharaɗi a sa shi a jerin da za a miƙa wa iyaye. Wannan ba ya cin biliyoyi. Da akwai irin wannan takarda, da maƙwabcina ya san mai gidan da zai bar wa amanar ɗiyarsa.

Na uku, wakilanmu a Abuja. Asusun TETFund, wanda asalinsa harajin ilimi ne da aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar ASUU, daga ribar kamfanoni ake tara shi, kuma shi ne ya gina yawancin sababbin gine-ginen da muke gani a jami'o'i. Sanatoci da 'yan majalisarmu su matsa a sa ɗakunan kwana a sahun gaba. Kuma a ayyukan mazaɓa, maimakon rabon babura da kekunan ɗinki da ake sayarwa washegari, a gina ɗaki 20 na ɗalibai mata. Shekara 30 ana cin moriyarsa, kuma sunanka yana jiki idan suna kake so.

Na huɗu, mu kanmu, kuma nan ne na fi son a tsaya. Ƙasar Gwandu ba baƙuwar ɗalibai ba ce. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mutane suke niƙo gari su zo neman ilimi, kuma babu wanda ya gina musu hostal. Zaurukan mutane ne suka ɗauke su, akussan gidaje suka ciyar da su. Saukar da mai neman ilimi abin alfahari ne a wurin kakanninmu. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, inda mutanensu matafiya da ɗalibai suke sauka. Shekara fiye da 700 ke nan. Su sun gina wa 'ya'yansu masauki a wata ƙasa, mu mun kasa ginawa a Kalgo?

Muna da attajirai, muna da manyan manoman shinkafa da albasa, muna da ƙungiyoyin ci gaban gari. A unguwa ɗaya sai ka ga masallatai uku suna kallon juna, kowanne sahu biyu. Ban raina gina masallaci ba, Allah ya saka wa masu yi. Amma malamai su taimaka su faɗa wa mutane cewa wakafin gidan ɗalibai shi ma sadaka ce mai gudana. Mu yi lissafi mai sauƙi: idan mutum 500 daga ƙaramar hukumar Gwandu suka yi alkawarin naira 5,000 duk wata, naira miliyan 30 ke nan a shekara. Ba za ta gama gini ba, amma za ta sayi fili ta ɗora harsashi, kuma idan mutane suka ga bulo ya tashi, masu hali za su shigo. A sa amintattu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, a karɓi haya kaɗan domin gyara kada ya zama kango, a sa dattijuwa mai kula da ɓangaren mata. Jega ta yi nata, Bunza ta yi nata, Zuru da Yawuri da Argungu su yi nasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga masu gidajen haya kuma, ban ce kada ku ci riba ba, halak ɗinku ce, kun sa kuɗinku a inda gwamnati ta gaza. Amma ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. Kada a karɓi kuɗin shekara a bar yara babu ruwa babu ƙyaure. Mu mutanen gari kuma mu daina yi wa duk ɗalibar da ke haya kallon 'yar iska. Baƙuwa ce, amana ce, kuma wata rana taka ɗiyar za ta zama baƙuwa a garin wasu. Ɗalibai su ma su girmama al'adar garin da ya karɓe su.

Maƙwabcina ya ce baɗi zai sake gwadawa, idan Allah ya kai mu, idan kuma ba a riga an zo neman aurenta ba. Ina roƙon Allah ya sa kafin lokacin a samu inda zai kai ta hankalinsa kwance. Amma addu'a tana tafiya da aiki.

Wanda yake da ɗa ko ɗiya a Kalgo ko Aliero ko Birnin Kebbi, ya faɗa mana a ƙasa yadda ya samu masauki da abin da ya gani, ba tare da kama sunan kowa ba. Wanda kuma yake cikin ƙungiyar ci gaban garinsu, don Allah ya kai wannan magana taro na gaba.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba mu zaman lafiya a Kebbi da Najeriya baki ɗaya. Amin.

Daga Kambaza, ƙaramar hukumar Gwandu.